Abin da Gara Ta Rage

Shekara goma sha tara darussana suna kwana
a akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gado, a Tudun Jukun.
Daminar bara ruwa ya sato hanya ta kwano,
gara ta biyo sawunsa,
ta cinye zagayawar jini tun daga kai har huhu,
ta rage min rabin zuciya da lambar shafi.

Na baje gyauron a tabarma
ina tsinta kamar mai tsintar shinkafa.
Hurera, wadda na koyar tana 'yar sha huɗu,
wadda yau teburinta ke kallon nawa a ɗakin malamai,
ta ce, "Malama, miƙo wayarki."
Shafi-shafi muka ɗauka,
har wanda manja ya ɗiga wa,
har wanda autana ya zana wa akuya a gefe.

Ta buɗe min kundi a cikin wayar,
kundi mai sassa kamar gidan gandu:
'yan aji ɗaya a zaure,
'yan aji biyu a tsakar gida,
tambayoyin jarrabawa can ƙurya
inda yaro ba ya leƙe.

Yatsana ya yi gardama da fari.
Hannun da alli ya rena
sai lalube yake a gilashi kamar mai neman ƙaya.
Sau biyu na goge aikin zango guda,
sau biyu ta dawo da shi tana dariya,
wai a nan ko shara tana da ma'aji.

Yanzu a cikin keke, kafin mu wuce Ƙofar Doka,
na gama gyara darasin Talata.
Hoton ganyen ramar da na ɗauka a bakin Kubanni
ya yi min aji uku bai yanƙwane ba,
ya je Samaru wurin Malam Iliyasu
ya dawo da tambayoyi biyar
da ban taɓa kawo su a rai ba.
In an ɗauke wuta kuwa,
ilmina kan yini a shagon mai caji
tsakanin wayar mahauci da ta ɗan acaɓa.

Sai wata Laraba, ina cin gyaɗa,
na ga jan layi a shafin zuciya
da rubutu ƙanana a ƙasa:
"Malama, a gafarce ni, kibiyar ta juya.
Jinin da ya baro huhu, hagu yake shiga."

Na duba. Na sake dubawa.
Gaskiyar yarinya.

Daga takarda zuwa allo,
daga allo zuwa littattafan yara,
kowace shekara da hannuna nake shuka ta.
Ita kanta Hurera ta kwafa, na ba ta maki.
Wasu cikinsu yau suna asibitin Shika
da fararen kaya, suna sauraron ƙirjin mutane.
Allah Ya saka wa wanda ya gyara musu a gaba,
bai aiko min da saƙo ba.

Ashe gara ta ci daidai ɗina
ta bar min kuskurena.
Akwati ya rufa min asiri shekara goma sha tara,
kundin nan bai iya riƙe shi zango ɗaya ba.

Gyaran bai kai tsawon atishawa ba.
Kafin la'asar kibiyar ta miƙe a Samaru,
ta miƙe a Wusasa, wurin wata malama
da ban san ko fuskarta ba.

Tsohon shafin dai ban goge ba.
Na ba shi ɗaki, na rubuta a ƙofa: Kafin Hurera.
Gobe, bayan tara, zan nuna wa 'yan aji biyu
zuciya biyu a jere,
in ce ɗaya tawa ce,
in koma bakin taga in jira hannun da zai fara tashi.